Ranar da Na Sauke Surukina Daga Gidan Gaba

Muddin ina da rai da hankalina, akwai wata safiyar Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce safiyar da na durƙusa a bakin ƙofar mota, cikin ankon biki, a gaban dangin mijina kaf, na roƙi surukina ya sauko daga gidan gaba. Wanda bai san mutanenmu ba zai ce to mene ne a ciki, kujera ce fa kawai. Wanda ya san su kuwa ya san cewa da aurena na yi wasa a ranar.

Ni malamar makaranta ce a Kafanchan, mijina kuma ma'aikacin ƙaramar hukuma. Mun daɗe muna gwamutsuwa a kan babur da yara, kafin Ubangiji ya buɗa mana muka sayi jif, tokumbo, wadda aka yi amfani da ita a Amurka kafin ta iso hannunmu. Ranar da ta shigo gida fasto ya zo ya ɗora mata hannu, 'yan zumuntar mata suka kewaye ta da waƙa har maƙwabta suka fito kallo. Shekara uku muna hawanta ba ta taɓa tsayar da mu a hanya ba. Mijina da kansa yake wanke ta, kuma in ka jingina da ita zai gaishe ka da fara'a, idonsa yana kan gwiwar hannunka.

A cikin gari gidan gaba nawa ne, ni da autarmu a cinya, lokacin ba ta cika shekara biyu ba. Amma da zarar mun shiga ƙauyen su mijina, can bayan Fadan Kagoma, kujerar ta tashi daga tawa. Ta Baba ce, mahaifin mijina. Ya haura tamanin, dattijon ikilisiya ne, kuma shi ne babba a zuriyarsu gaba ɗaya. In ya zauna a gaba ya soke sandarsa tsakanin gwiwoyi, sai ya sa a sauke gilashi, ya riƙa ɗaga wa mutane hannu tun daga ƙofar gida har bakin titi. A wurinsu wannan kujera ita ce shaidar cewa tsoho ya haifa kuma 'ya'yansa sun san darajarsa. Ko a mafarki ba wanda zai ce masa ya koma baya.

Manja ne ya tono maganar. Na sayo galan guda a kasuwa, murfin bai rufu da kyau ba, ya tsiyaye a but, wurin ajiye kaya a bayan motar. Ina cikin masifa ni kaɗai na ɗage shimfiɗar don in goge, sai ga wata ambulan a maƙale a gefen tayar safaya, ta yi laushi don daɗewa, ba a ma taɓa buɗe ta ba. Sunan wani Bature ne a jiki, da jan rubutu manya-manya. Ni kuwa ina da wani hali da mijina ya gaji da yi mini tsiya a kai: ba na ganin takarda in wuce. Ko ta cikin kwalin magani sai na karance ta har ƙasa. Na goge hannuna a zani na farke ambulan ɗin.

Wasiƙa ce daga kamfanin da ya ƙera motar zuwa ga mai ita na farko. Suna cewa sun gano matsala a jakar iskar da ke gaban kujerar fasinja, wato abin nan da makanikai ke kira eyabag, wanda ke kumburowa ya tare mutum idan an yi karo. A cikinta akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke hura ta. Sun ce zafi da laima na shekaru suna lalata sinadarin, ta yadda ko ƙaramin karo aka yi, gwangwanin zai iya tarwatsewa ya watsa wa na zaune ɓaraguzan ƙarfe a fuska da wuya. Suna roƙon a kawo motar su canja shi kyauta. Na karanta sau biyu a tsaye, sannan na zauna a bakin but ɗin. Zafi da laima aka ce, mu da damina ke wata shida tana zuba mana ruwa.

Duk da haka ban yi ihu ba tukuna. Na ce wataƙila Baturen ya kai an gyara kafin ya sayar. A ƙasan wasiƙar sun nuna yadda ake dubawa: ka kwafi lambar shasi, ka sa a shafin kamfanin a waya. Na leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, na kwafe haruffa da lambobin nan goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, na shigar. Amsa ta fito ba wata kwana-kwana. Motarmu tana cikin waɗanda aka kira, kuma ba a gyara ba. Ta ɓangaren direba lafiya lau take, ta fasinja ce mai matsalar.

Da mijina ya dawo na ajiye masa takardar kusa da abinci. Ya karanta yana tauna, ya ture ta gefe.

"Momi, motan nan shekara uku ke nan, ya taɓa yin ko tari? Wutan eyabag ma bai taɓa kamawa ba. Turawa ne kawai da tsoro."

"Dadi, waɗanda suka ƙera ta ne suka ce akwai matsala. Ka taɓa ganin mai kaya ya kushe kayansa haka kawai?"

"Fasto ya yi masa addu'a."

"Ya yi. Kuma addu'ar ce ta sa manja ya zube na ga takardar."

Ya yi dariya, amma ni ban yi ba. Tun daga ranar na kwashe kaina da auta muka koma baya. Ya riƙa tsokanata wai na zama hajiya, shi kuma ya zama direbana. Na ce na ji, ja mu je.

Washegari na matsa masa muka je wurin makanikinmu, wani Malam da kakanninsa suka daɗe a kasuwar Kafanchan, mutum mai gaskiya ko da za ta hana shi ciniki. Ya jona na'urarsa, ya duba, ya ce ba ta nuna komai ba. Mijina ya juyo ya kalle ni da murmushin wanda ya ci shari'a. Sai Malam ya ɗaga hannu.

"Yallaɓai, tsaya tukuna. Na'urar nan waya take gani, ba ta ganin cikin gwangwani. Malama tana da gaskiya. Wannan ba aikin sifana ba ne, kuma in na ce zan sa muku wata daga kasuwar kayan gwanjo, ƙila irinta zan sa. Ku nemi wakilan kamfanin."

Mijina ya ɗauki rabin farko na maganar ya sa a aljihu, ya bar mini rabi na biyu. Ni ce na nemo lambar wakilan a Abuja. Da farko wata ta ce mini ba su suka sayar da motar ba, don haka ba ruwansu. Na ce ta haɗa ni da na gaba da ita. Kwana uku ina kira a lokacin hutun tara na makaranta, ina tsaye a bayan ofishin malamai, har suka gane cewa matar nan ba za ta gaji ba. Suka karɓi lambar shasi, suka tabbatar, suka ce za su yi odar kayan, amma zai ɗauki makonni. Mutumin ya ƙara da cewa, "Madam, kafin nan kada kowa ya zauna a wannan kujera. Kowa fa."

Matsalar ita ce saura mako biyu bikin autar su mijina, bayan Ista kaɗan. A cocinmu na Kafanchan za a ɗaura auren, kuma mu ne za mu je ƙauye mu ɗauko Baba, shi zai miƙa amarya. Na ce wa mijina ya je ya yi wa mahaifinsa bayani tun da wuri, cikin sirri, don kada a ji kunya a gaban mutane. Ya ce zai yi. Bayan mako guda na tambaye shi, ya ce yana sane. Ana jibi biki na sake tambaya, ya ce in bar masa, ai mahaifinsa ne. Kuskurena ke nan, na bar masa.

Ranar Asabar muka isa ƙauye da hantsi. An yi ruwan farko a daren, ƙasa tana ƙamshi, maza sun fara gyaran gonakin citta. Tsakar gidan cike yake da dangi, mata cikin anko, ana ta ɗora kuloli a kan babura. Motar ta sha wanki da ribon. Na shiga ciki in gaida matan gida, ban fi minti goma ba. Ina fitowa na hango Baba a gidan gaba, cikin babbar rigarsa fara, sanda tsakanin gwiwoyi, an riga an sauke masa gilashi. Na dubi mijina. Ya sunkuyar da kai yana goge madubin da ba abin da ya same shi.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Ba ka faɗa masa ba."

"Momi, don Allah. Tafiyan bai kai awa ɗaya ba. Zan tafi a hankali. Kada ki ba ni kunya yau."

Gaskiya zuciyata ta so ta yarda. Na san hanyar, na san yana tuƙi da hankali. Amma na kuma san 'yan acaɓar da ke faɗowa titi daga cikin gona ba ko duba, da ramukan da ruwa ke ɓoyewa. Kuma na riga na karanta takardar, ba yadda zan yi in mayar da kaina wadda ba ta karanta ba. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na zagaya ta ɗaya gefen, na buɗe ƙofar, na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da sabon zanina.

Ni 'yar Kagoro ce, su mutanen Kagoma, don haka Hausa ce ke haɗa ni da dangin mijina. Na ce, "Baba, ina roƙon gafara. Ina roƙo ka koma kujerar baya."

Wadda ta fara magana ita ce yayar mijina, wadda duk muke kira Anti, mace mai murya kamar ta mai wa'azi a kasuwa.

"Me na ji? Ke! Baban namu za ki sauke? Don kin yi boko? Motan ubanki ne?" Ta juya wurin ƙaninta. "Kai kuma kana tsaye kamar itace, matanka yana zagin ubanka a ranan biki!"

Wasu mata suka fara tafa hannu suna salati irin namu, wani kawu ya ce a ɗaga ni daga wurin. Shekara goma sha biyu ina gidan nan ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba, amma na ga duk sun tashi a banza cikin minti ɗaya. Ban tashi ba. Na zuba wa Baba ido kawai.

Bai yi fushi ba, bai kuma yi murmushi ba. Ya ɗaga sandarsa kaɗan, kowa ya yi shiru har Anti.

"Ɗiyana, faɗi dalili."

Na faɗa masa, a taƙaice, yadda zan yi wa 'yan aji bayani. Na nuna masa daidai wurin da abin yake, a gaban ƙirjinsa. Ya dubi wurin ya daɗe.

"Masu ƙera shi ne suka faɗa, ko labarin waya ne irin na yaran yanzu?"

"Su ne, Baba. Ga takardarsu." Dama tana cikin jakata tun ranar da na same ta.

"Yaya kika san motan nan ne, ba ɗan'uwansa ba?"

Na ce akwai lamba, kowace mota da tata. Sai ya kira mijina, ya ce ya tsaya a gilashi ya karanta lambar da ƙarfi, ni kuma in bi da yatsa a takarda in amsa. Haka muka yi a gaban kowa, harafi bayan harafi, Baba ya rufe ido yana saurare. Da muka kai ƙarshe ya ce, "Sake." Muka sake. Ko ɗaya bai saɓa ba.

Sai ya miƙo mini sandarsa, ya dafa kafaɗata, ya sauko.

Na san Baba ya yi aikin reluwe kafin ya yi ritaya, kowa ya sani, amma ban taɓa tambayar wane aiki ba. A ranar na ji. Ya tsaya a tsakiyar mutane ya ce, "Shekara talatin ina bin ƙafafun jirgin ƙasa da guduma a tashan Kafanchan. In na buga na ji muryan ƙarfe ya canza, zan sa masa alli. Ido ba ya ganin tsagan, fenti yana kyalli, amma taragon da na sa wa alli ba ya fita, ko waye ke jira. An zage ni a kan wannan ba sau ɗaya ba." Ya juya ga Anti. "Yarinyan nan ta buga, ta ji, ta faɗa. Ke me kika ji?"

Anti ta gyara ɗaurin kanta ta ja baya.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Baba ya sake dubana ya ce, "In kuna gari, wa ke zama a nan?"

"Ni ce, Baba. Da auta a cinyata, kafin in ga takardar nan."

Ya juya ya nemi yarinyar da ido, tana hannun wata gwaggo tana tsotsar yatsa. Sannan ya dubi ɗansa.

"Kwana nawa ka sani?"

"Sati biyu da ɗan kai, Baba."

"Sati biyu. Ka ji tsoron fuskana, ka bar ni in zauna a bakin bindiga."

Sauran maganar da yarensu ya yi ta, kuma ko da na tsinci kaɗan ba zan maimaita ba. Na dai ga mijina, mai 'ya'ya uku da furfura a gemu, ya durƙusa kusa da inda na durƙusa. Na tausaya masa ƙwarai, domin na san ba mugunta ba ce. Kunya ce irin wadda aka raine mu da ita duka.

Daga nan Baba ya tambaye ni ko ina da alli, tunda ni malama ce. Akwai guntu a ƙasan jakata, kullum ba ya ƙarewa. Ya karɓa, ya rufe ƙofar gaba, ya zana ƙaton gicciye a jikinta, a kan fentin da mijina ya kwashe safiya yana gogewa. Ya ce ba mai goge shi sai an gyara. Sannan ya shiga baya ya zauna kusa da ni, ya sa aka sauke gilashi, ya ci gaba da ɗaga wa mutane hannu kamar yadda ya saba. Anti da ta so ta ce tunda kujera ta zama ba kowa bari ta ɗan rage matsi, kallo ɗaya ya yi mata ta nemi bas.

Haka muka shiga harabar coci, mota da ribon da alli, gidan gaba wayam. Duk wanda ya tambaya, Baba da kansa yake ba shi amsa, har da ƙarin gishiri. Kafin a gama cin shinkafa na ga maza biyu masu irin motarmu sun sunkuya a gilashinsu suna kwafar lamba. An ɗaura aure lafiya, an kai amarya, mun mayar da Baba gida ba abin da ya faru a hanya.

Mako biyar muka yi da allin nan. In ruwan sama ya wanke shi, mijina da kansa yake sake zanawa, don ya san za a tambaye shi. Da aka kira mu daga Abuja cewa kaya sun iso, Baba ya aiko cewa da shi za a je. Muka ce tafiyar da nisa, ya ce bai tambaye mu nisanta ba. Ya zauna a wurin gyaran ya hana kansa shayin da aka kawo masa, yana kallon ma'aikacin ta gilashi har ya ciro tsohon gwangwanin. Ɗan abu ne, bai fi gwangwanin madara ba. Na ga yadda mutumin ya riƙe shi da hannu biyu, ya sa a wani akwati na musamman ya rufe. Aka ba mu takardar shaida, ni kuma ban bar wurin ba sai da na karance ta.

Da muka fito za mu kama hanya, na buɗe wa Baba ƙofar gaba na ja gefe. Ya tsaya ya dube ni, sannan ya riƙe ƙofar da hannunsa.

"Shiga, ɗiyana."

"Haba Baba, wurinka ne."

"Na ce ki shiga. Yau ni zan zauna a baya in ga ƙeyan wanda ya fi ɗana ƙarfin zuciya."

Mijina ya yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ban iya tare su ba. Daga Abuja har Kafanchan ina gaba, dattijon da duk zuriya ke tsoro yana bayana yana gyangyaɗi. Da muka shiga ƙauye da yamma mutane suka gan mu a haka, kuma tun daga ranar ko Anti in za a yanke wata shawara a gidan sai ta ce a jira malama.

Har yau ban sani ba ko gwangwanin nan zai taɓa fashewa. Wataƙila da mun ƙara shekara goma ba abin da zai faru, kuma ban damu in sani ba. Baba ya rasu bayan wasu shekaru, a kan gadonsa, cikin 'ya'ya da jikoki, yadda ya kamata dattijo ya tafi. Abin da na koya shi ne, duk motar da ta shigo gidanmu sai na duba lambarta kafin kowa ya hau, kuma ina sake dubawa lokaci-lokaci, ko a yi mini dariya ko kada a yi. Babban darasin kuma ya wuce mota. Mu duka mun yanke wa tsohon nan hukunci cewa ba zai iya jin gaskiya ba, muka kira hakan ladabi, alhali shi ne ya fi mu duka sanin abin da za a yi da ita. Tun daga ranar, in ina girmama mutum, nakan durƙusa har ƙasa yadda aka koya mini, sannan in faɗa masa abin da na sani.